Ganyen da Ba a Ce wa A'a

Mwika, watan Yuni

Zuwa ga ’yata Haika,

Gaisuwa mai yawa daga kan dutse, da fatan ke da maigidanki da jikokina kuna lafiya a wannan tanda da kuke kira Dar es Salaam. Mu nan sanyi ya shiga ƙashi. In na ce “mu”, ni da saniya nake nufi, kada ki zaci na yi miki sabuwar uwa.

Takardarki ta iso ta hannun kwandastan bas, da tabon mai a gefe, alamar a kanta ya ci kifinsa. Na karanta don in gane, na sake karantawa don in ji daɗi. Kin ce za ki ƙara ɗaki biyu a bayan gida, don in kun zo Kirsimeti yara su daina kwana a kan buhunan kofi, ku kuma ku daina guduwa tun tuwon biki bai huce ba. Na fita na gaya wa saniya. Ta daina tuƙa ta dube ni, wanda a wurinta babbar murna ce.

Sai dai kin ce ba za a ba da izinin gini ba sai ɗan safiyo ya auna fili ya kafa turakun siminti, kuma wai ni zan zaɓo shi. Ni da na bar makaranta a aji huɗu, ranar da aka fara koya mana lissafin rabawa. Har yau ban iya ba, ban kuma so.

Ko kin manta yadda bayan gidan yake? Shingen isale biyu ne a can, shukar nan tamu mai dogon ganye. Wanda ubana ya dasa yana can gaba, wanda uban Malam Kileo ya dasa yana nan kusa da kicin ɗinmu, a tsakaninsu kuma zirin ƙasar da bishiyar fiya take tsaye a kai. A kan zirin nan ɗakunanki za su hau. Kullum rana ta leƙo nakan ɗauki kujerata in je gindin fiyar in zauna a ƙasata. Shi ma ya fito da tasa ya zauna a ƙasarsa, wato wuri ɗaya. Jiya da ya iso ya ce:

“Ina kwana, ɓarawon ƙasa. An tashi lafiya a kan abin mutane?”

Na ce, “Lafiya lau, Malam. Yaya ƙafar? Na ga dai ba ta gajiya da tsallaka iyaka.”

Ya ce, “Ubanka daga shan mbege yake dawowa ranar da ya dasa shingensa, shi ya sa ya karkace.”

Na ce, “Ko da giyar ayaba a cikinsa ya fi naka uban ganin hanya.”

Sai fiya ta faɗo tsakaninmu. Muka raba ta da wuƙarsa, kowa yana cewa shi ya yi wa ɗan'uwansa kyauta.

Fasto ya gaji da mu. Ya ce ɗayanmu ya tsinki ganyen isale ya ƙulla ya kai wa ɗayan, kowa ya huta. To ke kin san dokar ganyen nan, in aka miƙa wa mutum, ko kansa aka fasa sai ya haƙura ya ba da abin da aka roƙa, babu a'a. Shi ya sa in muka hangi juna, kowa hannun ɗan'uwansa yake fara dubawa.

Zan nemi ɗan safiyon. Ki shafa mini kan yara. Ki huta lafiya.

Mahaifinki,
Aminieli Urasa


Dar es Salaam, watan Yuli

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan sanyi bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Mu duka lafiya, yara suna gaishe ka. Na sa maka man shafawa a cikin ƙunshin nan, na gwiwarka ne, ba na saniya ba.

Baba, don Allah kada ka ɗauko duk wanda ka gani da tef a wuya. Ka ce ya nuna maka lasisinsa, ka riƙe a hannunka ka duba suna da hoto. In ka sauka Moshi ka tambaya a ofishin filaye ko sun san shi. Ya gaya maka filayen da ya auna a kusa, ka je ka ji daga bakin masu su. Kuma ku yi magana tun farko cewa shi zai kai taswirar ofis da kansa har a buga mata hatimi, ba ya kafa turaku ya ɓace ba.

Maganar Baba Kileo kuwa, tun ina goye nake jin ta. Mama ta rasu tana fatan ganin ƙarshenta. Matarsa tana Arusha wurin ɗansu, kai kana nan kai kaɗai, ga ku tsofaffi biyu kuna zagin iyayen juna kowace safiya a kan ƙasar da ba wanda yake nomawa. Ina so kafin Disamba a gama, in zo in same ka cikin kwanciyar hankali.

Ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya ne a rana. Allah ya ƙara maka lafiya.

’Yarka,
Haika


Mwika, watan Agusta

’Yata Haika,

Bayan gaisuwa da sa albarka, man shafawa ya iso. Ya yi mini amfani, ita ma saniya ta gode.

Na bi umarninki kamar ɗan makaranta. Na farko a kasuwar Himo na samo shi, tef ɗinsa a ɗaure da zare a wuri biyu. Na ce ina lasisi? Ya ce yana wurin yayansa. Na ce yayan fa? Ya ce ya rasu. Duk da haka na kawo shi gida, don mutum ne mai hira. Ya sha ƙoƙon mbege guda ya auna filin da ƙafa. Ya sha na biyu ya sake aunawa, sai filin ya ƙaru. Malam Kileo ya leƙo ta kan shinge ya ce a ba shi na uku, wataƙila ya auna mana har Kenya.

Na biyu kuskurena ne. Na tambaya a Moshi aka nuna mini wani ofis, ashe masu duba lafiyar gini ne, ba masu awon ƙasa ba. Mutumin ya zo da ’yar guduma yana ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne. Ya ce bango lafiya lau, amma gara ta ci katakon rufin kicin, a sauya kafin a jingina sabon gini. Kin ga kuskuren ma ya yi rana. Na ce ya ƙwanƙwasa ni ma ya ji. Ya ce irina rushewa ake yi a sake.

Na uku ɗan safiyo ne na gaske, lasisi da hoto da komai, ofis ma sun san shi. Muka zaunar da shi a gindin fiya, ni da Malam, muna yi masa tambayoyi. Ina tambayar sunan uwarsa sai ga shi ’yar gidan Kileo ce. Na ce a kai kasuwa. Na huɗu kuma Malam ne ya tono cewa ƙanwata ce ta riƙe shi ranar baftisma. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce ko gawarsa wannan ba zai auna ba.

Na dafa wa kowannensu ayaba da nama, ba wanda ya tafi kafin la'asar. Rabon da tukunyar uwarki babba ta hau wuta tun ranar da aka share makoki. Malam kuwa ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na watan nan ba, har aski ya yi.

To ga abin da muka tsayar, kuma ki lura wannan ne karo na farko da ni da shi muka yarda da abu ɗaya. Wanda zai auna kada ya zama ɗan'uwan Urasa ko na Kileo, ta jini ko ta aure ko ta ruwan baftisma. Kada ya zama mai shan mbege. Kada kuma ya ji yarenmu, don kada wani ya raɗa masa magana. A dutsen nan dai babu irinsa, mun duba. In kin samu ki turo. Ba gaggawa, Kirsimeti ai kowace shekara tana zuwa.

Ki gai da maigidanki. Allah ya yi muku albarka.

Ubanki, shugaban kwamitin tantance ’yan safiyo,
Aminieli


Dar es Salaam, watan Satumba

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta wa maigidana takardarka ya yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba sosai, don na ga damina tana matsowa ba a haƙa ko harsashi ba.

Na samu. Sunanta Malama Tusajigwe Mwakalinga, mutuniyar Mbeya ce, a Moshi take aiki. Na ga lasisinta da idona, na kuma yi magana da mutum biyu da ta auna wa fili. Ba ta da kowa a dutsen, shayi kaɗai take sha, yarenmu kuwa ko “sannu” ba ta sani ba. Za ta zo ranar Talata ta ƙarshen wata tare da shugaban ƙauye.

Ta gaya mini abu ɗaya: ita ba ta ƙirƙirar iyaka. Sai maƙwabta biyu sun nuna mata layi ɗaya a gaban shaidu sannan take aunawa, in suka saɓa sai ta naɗe kayanta. Wannan ka bar mini, Baba. Kai dai ka sa riga mai kyau.

Ka huta lafiya.

Haika


Dar es Salaam, watan Satumba

Zuwa ga Baba Malam Ndesario Kileo,

Ina durƙusawa ina gaishe ka, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Mama da ke Arusha. Ni ce Haika ta gidan Urasa, wadda ka koya wa karatu a aji biyu.

Baba, da a ce ina kusa da ƙafata zan zo. Za ka ga ganye a cikin ambulan ɗin nan. Daga isalen da ke kan kabarin mahaifiyata na yanko reshe shekarar da ta rasu, na dasa a gwangwani a bakin ƙofata, shi ne ya yi ganye. Na ƙulla shi yadda ta koya mini.

Ina roƙonka ka yafe duk abin da ke tsakanin gidanmu da naka, ranar Talata kuma ka nuna wa mai awo shingen kakana. Ba ƙasar nake kwaɗayi ba. Ɗaki nake so in gina inda ’ya'yana za su kwana kusa da kakansu, ya daina zama shi kaɗai.

Allah ya ja da ranka.

’Yarka,
Haika


Mwika, watan Oktoba

Haika,

Ina gaishe ki, ina gai da yara. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, biro ne ya ƙare, sannan da na sayi wani sai maganar ta ƙare.

Malamarki ta zo, sunanta ya fi tef ɗinta tsawo. Mace mai natsuwa, ta san aikinta, ba ta taka mini ko shukar wake ɗaya ba. Ta kafa madubinta mai ƙafa uku a bakin kicin, shugaban ƙauye ya tsaya da hularsa a hannu, Malam ya fito da sandarsa. Ni kuwa sati guda na yi ina tanadin baƙaƙen maganganu, har da wata sabuwa a kan kakarsa wadda na san za ta sa shi tari.

Ta ce, “Baba Urasa, nuna mini iyakarka.”

Na nuna shingen ubana, na gyara murya ina jira.

Ta ce, “Baba Kileo, kai fa?”

Ya ɗaga sanda ya nuna shingen ubana. Ya ce, “Nan ne.”

Na ce, “Malam, ka manta tabarau a gida ne? Wannan ai shingen mashayi ne, karkatacce.”

Ya ce, “Nan ne, Aminieli.”

Haika, rabon da ya kira ni da sunana tun muna samari. Na dube shi da kyau, sai na ga kan ganye ya leƙo daga aljihun rigarsa, ya bushe, ya yi lanƙwasar ambulan. Ƙullin na gane. Mutum biyu ne a duniya suke ƙulla isale da ɗan kunne a gefe, ɗaya tana kwance a bayan ayabata.

Daga nan aiki ya tafi kamar ruwa a gangare. Aka auna, aka haƙa, aka kafa turaku huɗu. Ya sa hannu da kyakkyawan rubutunsa na malamai, ni na sa nawa mai kama da sawun kaza. Malamar ta ce in aka juya ɗakunan suka bi tsawon kicin, ba sai an sare fiya ba, ta zana mini a ƙasa da tsinke. Da take shan shayi ta ce ba ta taɓa yin awo mai sauƙin wannan ba, ba ta kuma taɓa ganin wanda ya samu fili yana irin fuskata ba. Na ce haka fuskar take tun haihuwa, ungozoma ma ta yi magana.

Kafin su tafi Malam ya je gindin fiya ya ɗauki kujerarsa. Ya koma ya ɗauki dutsen da yake ɗora ƙafarsa mai ciwo. Ya tsallaka shingen ubana ya shiga gida.

Washegari na fito na zauna. Rana ta hau har ta kai kan rufi. Can ya wuce ta hanyar coci, ya ɗaga hula ya ce, “Ina kwana, maƙwabci.” Na ce, “Lafiya lau, maƙwabci.” Shi ke nan hirar ranar. Haka jibi, haka gata. Ba fushi yake yi ba, da fushi ne da na san maganinsa. An roƙe shi da ganye ya yafe, ya yafe, kuma mutumin da ya yafe maka ba ya zuwa ya zauna a ƙasarka ba gayyata. Na gayyace shi shan shayi. Ya zo, ya sha, ya yaba sukari, ya yi godiya, ya tafi. Kamar an yi mini ta'aziyya.

Fiya tana ta faɗowa. Kin san girman ’ya'yanta, mutum ɗaya ba ya cinye guda. Ina cin rabi, rabin ya yi baƙi kafin yamma. Na gwada zagin saniya a kan ubanta, ba ta rama.

Ba faɗa nake yi miki ba, ’yata. Kin zaɓi mai awo ta ƙwarai, kin kuma yi abin da muka koya miki, har kin fi mu iyawa. Fasto ya ambace ki a coci, aka tafa. Ni ma na tafa. Taswira tana ofis, ta ce kafin ƙarshen wata za a buga hatimi, sai ki turo magina.

Ki huta lafiya.

Ubanki, mai fili har gindin fiya,
Aminieli


Dar es Salaam, watan Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka. Na karanta takardarka a shagon maganin da nake aiki, sai da na shiga bayan kanta na zauna. Garin neman gira na tsone maka ido. Duk shekarun nan ina jin ku ta tagar kicin, ban taɓa tambayar kaina me ya sa Mama take dafa shayi kofi biyu ta aika gindin fiya ba.

Ka gaya mini abin da zan yi. In ka ce a fasa ginin, a fasa. In ka ce in rubuta wa Baba Kileo in janye roƙona, zan rubuta, ko da yake ban taɓa jin an janye ganye ba. Ko kuwa ka rufe gidan ka zo nan wurinmu, akwai ɗaki, yara za su cika maka kunne har ka nemi shiru.

Ka yafe mini, Baba.

Haika


Mwika, watan Nuwamba

’Yata,

Gaisuwa da albarka. Share hawayenki, kada ki jiƙa wa mutane magani.

Ba za a fasa gini ba. Magina sun zo, sun sauya katakon kicin, harsashi ya fito, ya bi tsawon kicin yadda Malamar ta zana. Dar kuma ba zan zo ba. Wa zai yanka wa saniya ciyawa, wa zai share wa uwarki ganyen ayaba? Ganyenki ma ba ya janyuwa, kin faɗi gaskiya.

Amma na zauna na yi tunani da ɗan abin da aji huɗu ya bar mini. Dokar ta ce ba a ce wa ganye a'a. Ba ta faɗi abin da za a roƙa da shi ba. Shingen ubana kuwa cike yake da ganye, yanzu ma duk nawa ne, da hatimi.

Gobe zan sa kwat ɗina na coci. In kin ji an ce ubanki ya haukace, ki ce da ma.

Aminieli


Mwika, watan Nuwamba

Zuwa ga Haika Urasa,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya tare da iyalinki. Saƙonki na watan Satumba ya same ni. Ba a aika isale a ambulan, amma ganye ganye ne, kuma na san inda aka yanko shi.

Shekaranjiya mahaifinki ya zo ƙofata cikin kwat, da ganye a hannu, ƙullin ma bai iya ba. Ya miƙo mini ya ce, “Malam, ba ka da ikon ƙi. Ka dawo mini da rigimata.” Na tsufa a dutsen nan ban taɓa jin an roƙi faɗa da ganyen sulhu ba. Sai dai doka doka ce.

Ƙasa na bayar, ba zan waiwaye ta ba. Amma ki tambayi Malama mai awo, turakunta ƙasa suka auna, wa ya auna inuwa? Inuwar fiyar nan da safe a gidana take kwantawa, kuma inda inuwar bishiya take, can mai ita yake. Na mayar da kujerata gindin fiyar na bayyana wa mahaifinki haka. Ya kira ni ɓarawon inuwa, ya faɗi wata magana a kan kakata wadda ba zan rubuta ba, ya kuma cinye rabin fiyata.

Ku zo da wuri bana. Yana tari, ba zai gaya miki ba.

Naki,
Malam N. Kileo